Kalmar da Manja Ya Shafe

Barkin Sale, Minna
9 ga Yuni, 2001

Zuwa ga ƙanwata Aishat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Gusau, yaya aikin asibiti? Mu nan damina ta kankama, har rumfar da nake aikin kafinta ta fara yoyo. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon bayan da kika sani. Ki yi haƙuri da rubutuna, Hausar Banufe ce. Da can yayarki Kafayatu, Allah ya jiƙanta, ita ce take gyara mini.

Na ba Kudu direba doyar Gwada ya kawo miki tare da wannan takarda.

Ban so in tayar miki da hankali ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Gaskiyar magana ita ce Khairat tana da ciwon ciki, wata na biyu ke nan. Sai ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ta yi amai, kuma abinci sai na tsare ta take taɓawa. Makaranta ma ta daina zuwa. Maƙwabcinmu Gaiya, baban Precious, wanda yake kai su su biyun a mashin ɗinsa kowace safiya, har ya gaji da tsayawa jiranta. In na tambaye ta abin da ya faru sai kuka. Ko ido ba ta haɗawa da ni. Na ce mu je asibiti, ta riƙe ƙafar gado. Wanki ma a ɓoye take yi, da ta ji motsina sai ta tura bokitin ƙarƙashin gado.

Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku, ba uwa a ɗaki, ni kuma na wuni a rumfa. Ga jarrabawa ta matso. Ke ce ƙanwar uwarta, ke ce kuma mai aikin unguwar zoma. Ki gaya mini abin da zan yi.

Naki,
Ndakotsu

*

Gusau
24 ga Yuni, 2001

Yaya Ndakotsu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Doya ta iso, an gode. Takardarka kuwa jarkar manja ce ta fashe a kanta cikin motar Kudu, ta zo jawur, amma na karanta abin da ya kamata in karanta.

Tun da na karanta ban iya cin abinci ba. Yarinya 'yar shekara goma sha uku da juna biyu, Yaya? Ɗiyar Yaya Kafayatu? Aman da ka faɗa, da kwanciyar, da ƙin abinci, da ƙin haɗa ido, duk sun yi daidai da abin da nake gani a wurin aiki. Ka ce wata na biyu ke nan, to kada ka dogara da wannan, yara ba su iya lissafinsa ba. Ka kai ta a gwada fitsarinta a tabbatar, ko tana so ko ba ta so.

Kada ka doke ta. Amma ka zaunar da ita ta faɗa maka wane ne. Yarinya kamarta ba a titi take gamuwa da irin wannan ba, yawanci wanda aka yarda da shi ne, wanda yake shiga ya fita. Ka duba kusa da kai.

Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Na so in ɗauko ta bayan rasuwa ka ce za ka iya.

Gobe za a tura mu ƙauyuka aikin allurar rigakafi, ban san ranar dawowa ba. Ka aiko da amsa gida, maigidana zai ajiye mini.

Ƙanwarka,
Aishat

*

Barkin Sale, Minna
14 ga Yuli, 2001

Ƙanwata Aishat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin dawo daga ƙauye lafiya. Mu ma muna nan da rai. Na jima ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin abin da zan rubuta ba shi da daɗin faɗa.

Ranar da takardarki ta iso, a rumfa na karanta ta. Na rufe na taho gida. Na tarar da Khairat a kwance, na ce ta tashi.

Na ce, "Wane ne?"

Ta ce, "Wane ne me, Baba?"

Na ce, "Antinki ta gane abin da ke damunki. Wane namiji ne ya taɓa ki?"

Sai ta durƙusa. Ta ce, "Wallahi Baba ba wanda ya taɓa ni. Sai dai Baban Precious, in mun hau mashin ina riƙe rigarsa. Kuma ran da muka faɗa rami na rungume shi don kada in faɗi."

Aishat, a duk maganar nan suna kawai kunnena ya ɗauka.

Gaiya yana bakin famfon gidanmu yana wanke mashin, matan haya suna layin ruwa. Na je na ci kwalarsa. Na faɗi abin da nake zarginsa da shi da ƙarfi, na kira sunan 'yata a ciki, kowa ya ji. Mutumin da ya goya ni zuwa asibiti ranar da yayarki ta cika, ya tsaya tare da ni har aka sallame mu. Bai rama ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ndakotsu, sake mini riga. Da Khairat da Precious duk ɗaya suke a wurina. Amma yau sai an je asibiti, ko ba don kai ba, don sunana."

Sai ga matarsa Phoebe ta fito. Ta wuce ni ta shiga ɗakinmu ta tura ƙofa. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta yafito ni gefe, tana riƙe da bokitin nan na ƙarƙashin gado, ta buɗe kaɗan ta nuna mini. Tsummoki ne a jiƙe, duk jini, wasu har sun fara wari. Na gane atamfar. Tsohon zanen yayarki ne Khairat ta yayyanka.

Phoebe ta ce, "Baban Khairat, 'yarka ba ta da ciki. Al'ada ta fara. Ba wanda ya taɓa gaya mata ko mene ne. Wasu yara a makaranta sun ce mata wadda namiji ya taɓa ce take yin jini, shi ya sa take ɓoyewa, shi ya sa ta ba ka wannan amsa."

A hankali ta yi maganar, amma gidan haya ne. Kafin la'asar babu ɗakin da labarin bai shiga ba.

Duk da haka Gaiya ya ce sai an je. Muka je wani ƙaramin asibiti, ni da shi da Phoebe, yarinyar tana tafe a tsakiyarmu ta ja hijabi har kan hanci. Aka gwada, babu komai. Nas ɗin ta ce tsumman da ba ya bushewa ya sale mata fata, ta ba da magani. Ta tambaye ni, "Ina uwarta?" Na ce ta rasu. Ta ce, "Ba ta da inna ko goggo da za ta zaunar da ita?" Na karɓi maganin muka fito.

Abu ɗaya nake so in sani. Ni ban rubuta miki tana da ciki ba, ciwon ciki na ce. Da na ga amsarki na ɗauka iliminki ne ya hango abin da ni ban gani ba. Ba laifi nake ɗora miki ba. Ba ke kika ci kwalar mutum a bakin famfo ba.

Tun ranar Khairat ba ta yi mini magana ba. Tana dafa abinci ta ajiye mini ta koma ciki. Ba ta fita ɗiban ruwa, ni nake ɗebowa, mata suna matsa mini hanya ba mai ce mini sannu. An fara jarrabawa ba ita. Gaiya kuwa in ya hango ni sai ya duƙufa kan mashin ɗinsa.

Naki,
Ndakotsu

*

Gusau
2 ga Satumba, 2001

Yaya Ndakotsu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na san ka ɗauka fushi ne ya hana ni amsawa. Ba haka ba ne. Aikin ƙauye ya ja fiye da yadda aka ce, daga nan aka riƙe mu saboda ɓarkewar amai da gudawa. Shekaranjiya na dawo na tarar da takardarka a kan kabad.

Da na gama karantawa na ɗauko ta farko na ɗaga ta a hasken taga. A ƙarƙashin manjan ga kalmar nan, "ciwon", ana iya ganinta in an natsu. Ni ce ban natsu ba. Na ga "tana da", na ga "ciki", na haɗa da kaina. Har wankin ɓoye ka rubuta mini, Yaya. Da ɗalibar da nake koyarwa ce ta karanta wannan ta kasa gane al'ada, da na yi mata faɗa.

Tambayar da nas ta yi maka ta fi komai yi mini ciwo. Da ka faɗa mata, ai gaskiya ce: tana da inna, kuma unguwar zoma. Kowane mako ina tara 'ya'yan mutane ina yi musu bayanin jikinsu. Da na zo Minna da babbar sallah na ga ƙirjinta ya fara tasowa, na ce a raina zan yi mata magana, sai na ji nauyi, na ce wataƙila 'yan'uwanka na Bida sun riga ni. Na yi mata kitso na taho. Maganar da na faɗa maka cewa ka kasa riƙe ta, ka yafe mini.

Na nemi hutu, sun ce sai bayan ƙaramar sallah. Kafin nan ga ƙunshi a hannun Kudu, na naɗe shi da leda. Audugar mata ce da sabulu da magani. Akwai takardar Khairat a ciki, ban liƙe ta ba. Ka karanta kafin ka ba ta. Na san za ka ji kunya, amma kai ne a gidan, ba ni ba.

Ka gai da Phoebe. Ka ce wa mijinta rabin abin da ya same shi daga hannuna ya fito.

Ƙanwarka,
Aishat

*

'Yata Khairat,

Ina gaishe ki, ina fatan jikin ya yi sauƙi. Kafin komai ki yafe mini. Abin da babanki ya tambaye ki ran nan, ni na sa shi, saboda na yi kuskuren karanta takardarsa. Ba ki yi laifin komai ba.

Yanzu ki saurara, zan faɗa miki abin da ya kamata in faɗa tun bara. Jinin da kike gani sunansa al'ada, ko haila. Ba ciwo ba ne, ba rauni ba ne, ba kuma alamar wani ya taɓa ki ba ce. A cikin mararki akwai mahaifa. Kowane wata tana yin shimfiɗa mai laushi a jikinta, in ba a yi amfani da ita ba sai ta sake ta ta fito da jini, ta fara sabuwa. Shi ke nan. Ina yi, Maman Precious tana yi, malamanku mata suna yi. Mamanki a shekarunki ta fara. Riƙe rigar mutum a kan mashin ba ya kawo jini, ba ya kuma kawo ciki. In na zo zan gaya miki yadda ake samun ciki baki da baki, ba zan rage komai ba.

Audugar da na aiko, ki cire takardar bayanta ki manna a cikin wando. Ki canza in ta jiƙe, kada ki wuni da guda ɗaya, kuma ki riƙa ajiye wata a jakar makaranta. In ta ƙare kika koma ƙunzugu, babu aibu, amma ki wanke da sabulu ki shanya a rana ya bushe sarai. Rana ce take kashe ƙwayoyin cuta, ƙarƙashin gado kuwa raya su yake yi. In kina jin kunyar idon mutane ki rufa ɗankwali mai shara-shara a kai. In mara ta murɗa, ki zuba ruwan ɗumi a kwalba ki naɗe da tsumma ki ɗora, ki sha maganin bayan kin ci abinci. Ki riƙa lura da ranar da ya zo, a hankali za ki san lokacinsa.

A kwanakin nan ba a sallah, ba a azumi. Sauƙi ne Allah ya yi mana, ba kora ba ce. In ya ɗauke sai ki yi wanka ki ci gaba. Azumi ake ramawa, sallah ba a ramawa.

Ki koma makaranta, Khairat. Ki kuma rubuto mini, ko zagina za ki yi.

Antinki,
Aishat

*

Barkin Sale, Minna
29 ga Satumba, 2001

Ƙanwata Aishat,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Babu abin yafewa tsakaninmu.

Na karanta takardar Khairat kamar yadda kika ce. Sai da na sallami mai sayen kujera na juya wa titi baya. Na zauna da yayarki shekara da shekaru, amma rabin abin da ke ciki ban sani ba. In ta ce mini ba ta sallah sai in ce to, in fita. Na ajiye wa yarinyar takardar a kan filo, ban iya miƙa mata hannu da hannu ba.

Maganar Gaiya. Na ɗauki limamin masallacinmu muka shiga ɗakinsa na ba shi haƙuri, na kuma isar da saƙonki. Ya saurara har na gama. Ya ce, "A bakin famfo ka faɗa, a bakin famfo za ka janye." Washegari da safe, lokacin da layin ruwa ya fi tsawo, na tsaya na ce abin da na faɗa a kan Gaiya ƙarya ne, 'yata kuma ba ta yi komai ba, ni ne jahili. Hulata tana hannuna. Ya ba ni hannu. Yanzu muna gaisawa, amma ya ce ba zai ƙara ɗaukar Khairat a mashin ba, don ya tsare ta ya tsare kansa. Ban ga laifinsa ba.

Na je makarantarsu na ga malamar ajinsu, Malama Felicia. Ashe a aji abin ya fara, a gaban yara. Ta ce ta so ta aiko gida, da ta tuna namiji ne kaɗai a gidan sai ta rasa yadda za ta faɗa. Saboda jarrabawar da ta wuce ta, Khairat za ta maimaita ajin da take ciki. An koma makaranta bayan hutu, ita ba ta koma ba. Na faɗa wa Khairat ta bayan labule, ba ta amsa ba.

Wani abu kuma. Na ga audugar za ta ƙare, na je kemis ɗin bakin titi. Mace ce take sayar da magani. Na tsaya na ce ta ba ni maganin ciwon kai. Na sake komawa, na sake fitowa da maganin ciwon kai. A ƙarshe na yago bayan ledar da kika aiko na tafi wani kemis can wajen kasuwa inda ba a san ni ba, na ajiye a kan tebur ban ce komai ba. Mutumin ya miƙo mini ko kallona bai yi ba.

Naki,
Ndakotsu

*

Barkin Sale, Minna
3 ga Disamba, 2001

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Ina wuni, Anti? Yaya azumi? Ina gai da Baba na Gusau da ƙannena. Ni na warke, fatar ma ta warke. Ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba. Na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. Ba zan zage ki ba. Na yi fushi da ke, amma ya wuce.

Kin ce in rubuto, to ga yadda aka yi. Malamin lissafi ne ya kira ni allo. Ina rubutu sai na ji ana dariya a baya. Na ɗauka amsar ce ban ci ba, na goge na sake. Dariyar ta ƙaru. Wani ya ce, "Ta zauna a kan zoɓo." Malam ya ce in fita in gyara kaina, bai dube ni ba. Sai a bayan aji na ja siket ɗina na gani. Malama Felicia ta ɗaura mini rigar sanyinta a ƙugu ta ce in tafi gida Mama ta yi mini bayani, ta manta ba ni da Mama. A bakin get wata babbar yarinya mai suna Martha ta ce mini, "Ke ma kin fara bin maza ke nan." Na yi ta tunanin wane namiji. Na ɗauka Allah ne yake tona mini asiri a kan abin da ban san na yi ba. Ina ta sallah a haka ina roƙon gafara.

Abin da ya fi damuna shi ne Baban Precious. Ni na kira sunansa. Na kasa fita saboda shi fiye da saboda matan gidan. Maman Precious ce ta ja hannuna ta kai ni, na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Tashi, 'yata. Ba ke kika yi ba. In kina so ki biya ni, ki koma makaranta."

Na koma a watan jiya. Da ƙafa muke zuwa, Precious ta ce ita ma ta bar hawa mashin. Ina aji ɗaya da waɗanda na girme su. Har yanzu in na wuce wasu suna cewa zoɓo a hankali, amma ba na tsayawa.

Na nuna wa Malama Felicia takardarki. Ta roƙe ni, ta kwafe tsakiyar ba tare da sunana ba, ta tara 'yan mata ran Alhamis bayan an tashi ta karanta musu. Kowa ya san tawa ce. Na sa kaina a kan tebur har aka gama. Da farko ba mai magana, daga baya tambayoyi suka yi yawa har mai gadi ya zo rufe aji. Martha ma ta ɗaga hannu. Ashe ita ma haka yayarta ta gaya mata. Malama ta ce in kin zo ki zo ki yi musu magana da kanki, don akwai abin da ta kasa amsawa.

Ni da Baba mun fara magana, amma ta cefane ce da makaranta. In ya sayo audugar sai in gan ta a cikin kwabata, ba ya cewa komai, ni ma haka.

Anti, abin ya zo mini a cikin azumin nan. Na san abin da kika rubuta, amma na kasa. Na tashi sahur tare da shi, na yi alwala don ya ji motsin buta, na wuni ban ci ba, marata tana murɗawa. Rana ta biyu Asabar ce, ina kwance da azahar sai na ji ya dawo daga rumfa, ba lokacin dawowarsa ba. Ya tsaya a bayan labule. Na ga hannunsa ya turo kwano, shinkafa da wake ce da zafinta, na gane girkin Maman Precious.

Ya ce, "Khairat, ga abinci. Allah ya ɗauke miki azumin kwanakin nan. Kada ki wahalar da kanki saboda ni."

Na ji kamar in shige cikin katifa. Na ce, "Baba, ya aka yi ka sani?"

Ya gyara tsayuwa a bayan labulen. Sannan ya ce, "Ni ma na karanta takardar. Ki ci tun da zafi."

Na ji ya ja ƙofar waje a hankali, ya koma aiki da azuminsa a baki. Na zauna ina kallon kwanon ina kuka. Daga baya na wanke hannu na cinye duka.

Ki zo da wuri bayan sallah. Akwai tambayoyin da ba zan iya rubutawa ba.

'Yarki,
Khairat